Jan Fenti a Jikin Ɗorawar Gwaggo

Tuwo nake tuƙawa aka kawo mini takardar tashi daga mai gidan da nake haya. Na karanta ta da muciya a ɗaya hannun, na sake karantawa, har tuwon ya kama. Wata uku ya ba ni in kwashe kayana. Ba wai na taɓa cin masa kuɗin haya ba, shekara tara ina biya tun kafin ya buɗe baki. Rushe gidan zai yi ya gina irin waɗanda banki ke saya wa ma'aikata, don ya duba ya ga sun fi mu kawo kuɗi.

Sunana Zuliha. Ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibitin gwamnati da ke gefen Kano, ko in ce inda a da yake gefe, don yanzu gari ya wuce mu ya yi gaba abinsa. Mijina Abdulrashid ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar mini 'yan mata uku da tsohon babur. Babur ɗin na sayar tuntuni. 'Yan matan kuwa kullum ƙara tsawo suke yi, kuma kowacce tana buƙatar inda za ta shimfiɗa katifa.

A rediyo muka fara jin maganar lamunin gida. Wai wani banki da ba ya karɓar kuɗin ruwa zai sayi gida ya sayar wa ma'aikaci, a riƙa cira daga albashinsa har shekara goma sha biyar. Ranar mun yi shewa a ɗakin hutu na asibiti kamar an yi mana ƙarin girma. Abin da muka manta shi ne masu gini ma suna da rediyo. Gida mai ɗaki biyu da falo a bayan unguwarmu, wanda ya shekara ana tallarsa miliyan takwas babu mai tayawa, kafin wata ya mutu ya koma sha uku. Ba a ƙara masa bulo ko ɗaya ba, ƙofar kawai aka yi wa fenti. Masu gidajen haya suka ga haka, su ma suka miƙe. Abin da aka ce an kawo don mu sami gida, shi ya fara korar mu daga inda muke fakewa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Duk da haka na cika fom, don na yi yawon neman wata hayar har ƙafata ta kumbura ban ga wadda albashina zai ɗauka ba. Allah ya taimake ni aka amince. Sai dai da sharaɗi: in fara ajiye kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gidan a matsayin kafin alƙalami, cikin mako shida, in ba haka ba a bai wa na bayana a layi. Na sayar da sarƙata da 'yan kunne, na roƙi uwar adashinmu ta dawo da ɗaukata gaba. Da na haɗa komai ko rabi bai kai ba. Abu ɗaya ya rage mini a duniya mai daraja, gonata ta gado.

Ƙauyenmu, Unguwar Mati, yana gabas da Zakirai. A can babu daji. Gonar wannan tana jingine da ta wancan, layin ciyawar gamba ne kawai ke raba su, kuma kowane taku na ƙasa da mai shi da tarihinsa. Da mahaifinmu Malam Sama'ilu ya rasu, malamai suka auna gonarsa da igiya suka raba ta uku. Kaso biyu na yayana Abdulmumini, na bakin titi da na tsakiya. Ɗaya nawa, na can ƙarshe, inda bishiyoyin ɗorawa suke. Na bar wa Yaya nawa yana nomawa kamar yadda mata ke yi a wajenmu, shi kuma ba a taɓa girbi bai aiko mini da gero da wake ba. Shekara goma sha biyu ke nan ban taka kason nan ba.

To da wane baki zan ce da mutumin nan ya ba ni gonata in sayar? Yaya ba mai faɗa ba ne, kuma wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Da mai hayaniya ne, da mun yi mun gama. Shi shiru zai yi ya kalli ƙasa, ke kuma ki ji kamar kin mari liman.

Saboda haka na yi abin da matsorata ke yi, na bi ta bayan gida. Na buga wa Kamilu waya, wani da muka yi firamare tare, wanda yanzu ya zama dillalin filaye a Zakirai. Tun muna aji uku bakinsa ya fi hannunsa aiki.

"Hajiya Zuliha, ai kin kira a kan gaɓa," in ji shi. "Akwai wani Alhaji daga birni, duk gonar da ke kusa da titin nan saye yake yana yanka fuloti. Ya ce nan da shekara goma Kano za ta iso mu. In kai yaransa su duba?"

"Su duba kawai," na ce. "Kar a yi komai sai na zo na yi magana da Yaya."

"Haba, duba ne kawai, wallahi."

Ranar Asabar na hau bas zuwa Zakirai, daga nan na ɗauki acaɓa. Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Duk hanya ina ta shirya kalmomin da zan fara da su, ina sakawa ina kwancewa. Da muka bi ta gefen gonaki na hango kasona daga nesa, sai na ce da ɗan acaɓar ya tsaya. Bishiyoyin ɗorawa biyar ɗin nan, kowacce an zabga mata jan fenti a jiki, ƙatuwar alama wadda ko makaho zai shafa ya ji. A gindin babbar kuma ga tabarma, ga buta, ga doguwar gora mai ƙugiya, ga Gwaggo Hure zaune ta miƙe ƙafa.

Gwaggo Hure ƙanwar mahaifinmu ce. Ta haura saba'in, jikinta duk ya tsotse, amma muryarta tana nan yadda na san ta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa gaisuwar tsaf, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi aiki, don Gwaggo ba ta haɗa gaisuwa da faɗa. Sai da ta gama tas sannan ta ɗaga haɓa ta nuna bishiyar.

"Wannan kwalliyar fa, ke kika aiko a yi musu?"

"Gwaggo, cewa na yi su duba gonar kawai."

"Gonar wa?"

"Kasona, Gwaggo."

"Na ji. Ƙasa taki ce, babu mai ja da ke. Bishiyoyin fa, na wa ne?"

A nan ne abin ya faɗo mini, na ji kunya ta lulluɓe ni tun daga ka har ƙafa. Lokacin da kakanmu ya rasu, Gwaggo ba ta karɓi ƙasa ba. Ɗorawa biyar ɗin nan aka ba ta a matsayin gadonta, babanmu ya ɗauki gonar. Haka ake yi a wajenmu, ƙasa da mai ita, itacen da ke kanta da mai shi, kuma kowa ya san nasa. Duk ƙauyen babu wanda bai san ɗorawar Hure ba. Ni kaina na sani. Da ina yarinya ni ce mai tsince mata in ta kakkaɓo, in ci garin har bakina ya koma rawaya. Zaman birni ne ya goge mini shi, don a can in ka sayi fili ka sayi duk abin da ke kansa har da ƙadangaru.

"Kwana uku ke nan nake wuni a nan," in ji Gwaggo. "Yara suka zo suka ce mini ga wasu masu wando can suna shafa wa ɗorawata jini. Na zo na tambaye su, suka ce alamar sara ce. Sara! Ni ban mutu ba, Zuliha, ban haukace ba, ba a ce mini ko sannu ba."

Muna cikin haka sai ga Kamilu a kan babur, an gaya masa na iso. Ya cire hula ya durƙusa, ya fara zuba. Wai Alhaji ba zai sayi fili da itacen wani a kai ba, don fuloti ake yankawa, ba za a bar bishiya a tsakiyar falon mutum ba. Wai amma ba za a cuci Gwaggo ba, masu gidan burodi za su sayi kowace bishiya da daraja, a ba ta kuɗinta a hannu.

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan Abdulkabir ne ko? Ranar sunanka da daddawar bishiyar nan aka yi miya. Da kalwarta na aurar da 'ya'ya huɗu, da ita nake sayen maganin ƙafa, da makubarta aka yi daɓen ɗakin uwarka. In na ba ka ita aka gasa burodi, baɗi me zan kaɗa? Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi kuwa. Ni kuma maimakon in yi shiru, sai baƙin cikin da na ƙunsa tun ranar takardar tashi ya taso mini. Ina da baki, na sani, a asibiti ma an san ni da shi.

"Gwaggo, nan da wata biyu a titi zan kwana da 'yan mata uku. Yanzu itace ya fi su ke nan?"

Ta ɗauki butarta ta matsar da ita gefe ba don komai ba. Da ta yi magana muryarta ta sauka ƙasa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

"Ban ce ya fi su ba. Da kin zo kin zauna a nan kin gaya mini, da ban san me zan ce miki ba, wataƙila ma in ba ki. Amma ba ki zo ba, fenti kika aiko."

Na ɗauki jakata na nufi gida a ƙafa.

Bayan la'asar na tarar da Yaya a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Matarsa Huseina ta riga ta ba ni ruwa da fura, ta kuma raɗa mini cewa tun ranar da masu fenti suka zo bai ci abincin kirki ba. Na zauna daga bakin ƙofa. Duk kalmomin da na shirya a bas suka gudu, sai kawai na faɗa masa komai yadda yake, tun daga tuwon da ya kama har maganar da na yaɓa wa Gwaggo.

Bai ɗago ba sai da na gama.

"A bakin yaran Alhaji na ji ƙanwata za ta sayar da gona," ya ce. "Ina tsaye a cikinta suka ce in matsa za su ja tef ɗin awo."

"Ka yi haƙuri, Yaya. Kunyarka na ji."

"Kunya." Ya jujjuya ƙotar a hannu. "Bashin nan, da ruwa a ciki?"

"Babu. Su za su sayi gidan su sayar mini da ribarsu, a yanka farashi tun farko, ba ya ƙaruwa."

"Shekara nawa?"

"Sha biyar."

"In Allah ya karɓi ranki kafin nan fa? Su kori yaran?"

"A'a. Akwai wani asusu da ake ɗan cira ana zubawa saboda haka. In na mutu gidan ya zama nasu."

Ya gyaɗa kai. Wannan amsar ce na ga ta zauna masa. Can ya ce, "Ni fa, in na je za su ba ni?"

"Sai mai albashi, Yaya. Sai an ga takardar da ke nuna abin da ke shigo maka duk wata."

Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Ni abin da ke shigo mini sau ɗaya ne a shekara, kuma a buhu yake zuwa. Kin san samarin garin nan yanzu ba sa iya sayen wurin da za su kafa ɗaki? Mutanenku na birni sun taya komai. Can an koro ku, nan an matse mu." Ya ajiye ƙotar. "Yaushe ne ƙarshen wa'adin?"

"Saura kwana goma sha tara."

"To. Je ki huta."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na tashi ban san ko na samu ko na rasa ba.

Washegari da hantsi ya aika aka kira mai unguwa da liman, aka kira Kamilu, aka ɗauko Gwaggo daga gindin bishiyarta. Muka tsaya a bakin titi inda gonar ta fara. Yaya ya yi gyaran murya ya ce yana so a shaida, shi da ƙanwarsa za su yi musaya. Kason bakin titi ya koma na Zuliha, ta yi yadda ta so da shi. Kason ƙarshe mai ɗorawa ya dawo nasa, bishiyoyi kuma suna nan na mai su.

Aka kawo igiya aka auna wannan, aka je aka auna wancan. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, malaman da suka raba tun farko ba su yi son kai ba. Na ce a raina, kai, amma Yaya akwai dabara, ga abu mai sauƙi ni ban hango shi ba. Ƙasa da ƙasa aka canja, babu wanda ya rasa ko taku ɗaya.

Liman ya tambaye shi ko da yardarsa ya yi, ya ce da yardarsa. Ya sake tambaya, ya sake amsawa. Mai unguwa ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Gwaggo ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Mumini, ka tabbata?"

"Na tabbata, Gwaggo."

Na ga duk wannan da idona, amma hankalina yana wajen Kamilu, wanda ya koma gefe yana waya yana rawar ƙafa. Ya dawo yana washe baki ya ce tunda bakin titi ne Alhaji ya ƙara a kan tayin farko. Abin da ya faɗa ya cike mini giɓina har da ɗan saura na kuɗin takardu. Na ji numfashina ya dawo daidai a karo na farko cikin makonni. Na yi wa Yaya godiya, irin godiyar da ake yi wa wanda ya ba ka aron tsani.

Kafin in koma sai da na je na durƙusa gaban Gwaggo na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma ba ta son ganin jan abin nan a jikin dukiyarta. Na sayo kananzir a kwalba, na yage tsumma, na wuni ina dirzar bawon ɗorawa, ni da ake kira Sista a asibiti. Tana zaune a tabarma tana nuna mini inda na tsallake. Da na gama ta ƙulla mini daddawa a leda, ta ce in kai wa jikokinta su san ɗanɗanon miya.

Sauran ya tafi yadda aikin banki ke tafiya, je ka dawo, kawo hoto, sa hannu a nan, ba nan ba, can. Saura kwana huɗu wa'adi ya cika na biya. Wata abokiyar aikina da ta makara da mako ɗaya ta koma ta tarar an sake ƙara wa gidajen kuɗi, ta haƙura, har yau tana haya. Daga ƙarshe dai aka miƙo mini makulli. Gidan ba wani gida ba ne, ɗaki biyu da falo, famfo babu ruwa, in maƙwabci ya yi tari kina ji. Amma da na rufe ƙofa na jingina da ita, na ji 'yan matan suna rigimar wa zai kwana kusa da taga, sai na zame na zauna a kan simintin na yi ta yi wa Allah godiya. Babu wanda zai sake aiko mini da takarda ina tsakiyar tuƙa tuwo.

Bayan mun tare da mako biyu na shirya zuwa ƙauye in yi godiya yadda ya kamata. Na sayi farar shadda yadi biyar ta Yaya, atamfa ta Huseina, mayafi na Gwaggo. Ina ta jin daɗin kaina a bas, ina ganin na fita kunya.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas kwanakin nan, ana sa ran ruwan shuka ko yaushe. Da ɗan acaɓa ya kawo ni daidai kason da na sayar, ban gane shi ba. An kafa turakun siminti a kusurwoyi, wannan na yi tsammaninsa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne rabin filin an kankare shi, an ɗebe samansa kamar an yi masa aski, jar ƙasa ta fito. Can a tsakiya ga mutum ɗaya da shebur da jaki. Yaya ne, babu riga, yana ɗibar ƙasa yana zubawa a mangala.

Huseina tana zaune a bakin titi da ƙwaryar fura a rufe, tana jiran ya huta. Na sauka na tambaye ta me yake yi.

Ta dube ni, ba da fushi ba, kamar dai mai mamakin a ce babba bai san wannan ba.

"Takinsa yake kwashewa."

"Wane taki?"

"Ƙasar mana. Ke kin ɗauka haka Allah ya yi ta baƙa? Rairayi ne a nan kamar ko'ina. Shekara ashirin da biyu yana zuba mata, tun Baba na da rai. Kashin awakinmu, tokar murhuna, sharar tsakar gida, duk rani a jaki yake kawowa. Shekarar da awaki suka mutu har bola ya saya daga birni aka kawo a mota. Fiye da rabin abin da muke ci a gidan nan daga wannan kason yake fitowa."

"Amma ai an auna, daidai suke da wancan."

"A igiya daidai suke," in ji ta. "Wancan inuwar ɗorawa ta cinye shi. Gero a ƙarƙashinta sai ya yi tsawo ya ƙi fitar da kai. Kowa a wurin nan ya sani, shi ya sa kika ji Liman yana ta maimaita tambaya."

Ta ce bayan an gama ciniki Yaya ya je da kansa ya sami Alhajin, ya roƙi a bar shi ya ɗebi ƙasar sama, tunda gini za a yi. Alhajin ya yi dariya ya ce ya kwashe duka in zai iya, su burji za su zuba a kai. Ranar Litinin katafila za ta zo. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan yana yi, daga asuba zuwa faɗuwar rana, ya ɗiba a nan ya kai can ƙarshen gona ya zuba a wuraren da rana ke samu tsakanin bishiyoyi. Ya hana ta gaya mini. Ya ce in na ji zan fasa, in na fasa kuma yara za su rasa wurin kwana.

Na tsaya riƙe da ledar tsaraba. Na tuna yadda na ce masa na gode ranar nan, a tsaye, ido na kan wayar Kamilu. Ni da nake taƙama na yi boko na san lissafin banki, ban san abin da aka ba ni ba. Na ɗauka dabara ya yi mini, ashe abincin gidansa ya yanka ya miƙo. Ban taɓa jin godiya ta yi mini nauyi a ƙirji irin na ranar ba.

Na ajiye ledar a gefen Huseina, na cire takalmi, na shiga filin. Inda ba a kankare ba ƙasar tana da laushi, ƙafa na nutsewa, ga ɗan sanyi a ƙarƙashi duk da zafin ranar. Ya ji takuna ya juyo. Ya rame, gumi ya yi masa layi-layi a cikin ƙurar da ke jikinsa. Ya dubi inda Huseina take, ya gane ta faɗa.

"Yaya," na ce.

"Kin karɓi makullin?"

"Na karɓa."

"Yaran sun tare?"

"Sun tare."

"Ƙofar tana kulluwa sosai?"

"Tana kulluwa, Yaya."

"To alhamdu lillahi." Ya share goshi da bayan hannu. "Riƙe mini bakin mangalar nan, zubewa take yi ta gefe."

Na kama bakin mangalar da hannu biyu na buɗe. Ya sa shebur ya ɗebo ya zuba, baƙar ƙasa ta gangaro ta kan yatsuna. Ina kuka yana zubawa, bai ce in daina ba, ni ma ban saki ba. Da ta cika ya kora jakin, na bi su a baya har ƙarshen gona, muka juye, muka dawo.

Sawu bakwai muka yi kafin a kira magariba. Atamfar na ba Huseina, mayafin na kai wa Gwaggo. Shaddar kuwa na kasa miƙa masa, a ƙarƙashin filonsa na tura ta da safe kafin in tafi, lokacin ya riga ya fita da jakin.